Goruba Marar Suna

Har yau da na tsufa ban iya zama wuri ɗaya ba. In aka ba ni kujera a gidan biki, kafin a gama gaisawa na miƙe na leƙa madafa, na je bakin ƙofa, na dawo na canja kujera. Jikokina suna cewa ƙafata ce ke ƙaiƙayi. Ba su san tun ina ƙarama haka nake ba, kuma duk duniya mutum ɗaya ce ta taɓa iya dasa ni a ƙasa daga sallar isha'i har itace ya zama garwashi. Ita ce kakata ta wajen uba, Kaka Tsahara, wadda ta laƙa mini suna Ƙadangaruwa, wai don ko a zaune nake kaina ba ya daina rawa.

A Mayahi aka haife ni, a unguwar da muke kira Bakin Gulbi. Wanda ya san babban kogi, in ya ga gulbinmu sai ya yi mana dariya. Gulbin Kaba kwari ne mai faɗi, rairayi da kaba iya ganinka. Da damina ruwa yakan zo ya kwanta a tafkuna, wata shekara ya yi gudu na ɗan lokaci, wata shekara ko leƙo mu ba ya yi. Amma in ka yi tono za ka same shi a ƙasa, da sanyinsa. Kaka takan ce gulbinmu ba mutuwa ya yi ba, barci yake yi, kuma mai barci ba a zaginsa.

A bakinta na ji yadda aka kafa unguwar. Ta ce masu saƙar tabarma ne na cikin gari suka gaji da doguwar tafiya kullum zuwa yankan kaba, sai suka kafa bukkoki a bakin kwarin don su kwana kusa da aikinsu. Masu tufkar igiya suka biyo su, masu rina kaba suka zo da tukwanensu, daga baya masu buga tubali suka buɗe ramin da muke iyo a ciki da damina, muna shan duka a kansa. A lokacin da na yi wayo, ba gidan da za ka shiga ba ka ji warin jiƙaƙƙiyar kaba ba. Mata na saƙa tabarma da faifai, maza na murza igiya a cinya har gashin wurin ya ƙare, tsofaffi na ɗinka malafa a gindin gawon da ake ɗaure jakuna. Fatake kuma su zo daga Tasawa da raƙuma, su labta tabarmi su tafi. Kuma duk baƙon da ya nufo unguwarmu, abu ɗaya ake gaya masa: ya sa ido ga goruba mafi tsawo a bakin gulbi, ya miƙe gare ta. Ita ce ake kira Goruba Marar Suna.

Dole in bayyana dalilin wannan suna. Kaba da goruba abu ɗaya ne. Kabar da ake yanka kullum ba ta tashi, nan za ta tsaya a ƙasa tana ba da ganye. Wadda aka ƙyale ce take miƙewa ta zama goruba. To, al'adar matan unguwarmu ita ce, in mace ta gama wankan jego sai ta tafi kabar gidansu, ta zaɓi toho mai kyau, ta yago bakin majanyinta ta ɗaura masa, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Duk wanda ya ga tsumma ba zai sa wuƙa ba. In ya girma sai a riƙa kiran itacen da sunan ɗan. A kabar gidanmu akwai gorubar Gwaggo Hajo, akwai ta Baba Ƙarami, akwai na waɗanda suka koma tun suna goye, kowace da sunanta, Kaka kuwa tana kiransu ɗaya-ɗaya in mun je yanka. Babbar nan da ta fi su duka ita kaɗai ce ba a kiranta da sunan kowa. Mu yara mun ɗauka ta girmi unguwar. Babana ma haka ya ɗauka.

Babana Isuhu shi ne ɗan farin Kaka. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba. A zamaninsu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda yake, ba ta tambayar ina ya tafi ko ya ci abinci. In ta yi, an ce ba ta da kunya, kuma a wurin mace irin Kaka gara mutuwa da wannan. Tun da aka yaye shi aka ɗora shi a jaki aka kai shi garin Sarkin Hausa wurin gwaggonsa, can ya tashi. Sai da kakana ya rasu ya dawo da gemunsa ya riƙe gida. Daga nan suka zauna gida ɗaya, zana a tsakaninsu. Ita ta ƙofar baya take shige da fice don kada ta bi ta zaure. Shi kuma kowace safiya yakan tsuguna a bayan ɗakinta ya gaida bango, bango ya amsa masa da ɗan tari. In gishiri ya ƙare sai ta kira ɗayanmu ta ce, “Tahi ki ce wa wancan babu gishiri.” Shi kuma “Tsohuwa” yake ce mata. Ni ce aka fi aika, tunda dama ƙafata ba ta son hutu.

Shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai, shekarun gujiya ne, wadda mutanen Kano ke kira gyaɗa. Ban taɓa ganin gari ya rasa sukuni kamar Mayahi a lokacin ba. An kafa sabuwar tuta a ofishin kumandan mai mulkin gari, manyan motocin kaya da muke kira kamiyo suna shigowa suna fita da buhuna, wanda jiya yake tufkar igiya yau ya sayi keke, gobe rediyo. Kowa na jin kamar in ya zauna za a raba arziki ba da shi ba. Ko tsofaffin gindin gawo sun rage ɗinkin malafa, sai miƙewa suke suna hangen hanya. Mutane suka shiga tuge kabarsu suna ƙone saiwoyi don su shuka gujiya a ƙasar gulbi mai laima. Ni kam abin ya yi mini daɗi ƙwarai, don a karo na farko duk gari ya koma irina.

Baba yana auna gujiya a baskil, wato babban sikelin kasuwa, a ƙarƙashin wani attajiri, kuma ya ƙudura sai ya gina magazarsa ta kansa, inda zai riƙa tara buhuna. Gini na son azara. Ranar da ya faɗi shawararsa na kai masa ruwa a zaure, na ji yana gaya wa abokansa.

“Kabar za a tuge ta duka,” in ji shi. “Gorubobin ƙannena ba ni taɓa su, ko da na waɗanda sunka rasu, Tsohuwa tana son abinta. Amma waccan babba ba ta kowa ba ce. Ga tsawo, ga ƙwari, ita kaɗai ta ishe ni azara. Kuma inuwarta ta cika yawa, gujiya ba ta son inuwa.”

Aka sa ranar gayya. Inna, mahaifiyata, ita ta kai wa Kaka labari. Ina tsaye. Kaka ta ja zaren kabar da ke hannunta har ya tsinke, ta dube shi, ta jefar.

Lokacin sanyi ne, lokacin da muke taruwa a ƙofar ɗakinta bayan isha'i. Takan hura wuta da kara, ta zuba ƙodagon goruba a kai, don shi ba ya saurin cinyewa. Mu 'ya'yan gida da na maƙwabta mu kewaye, kowa ya cusa gwiwa cikin riga. Ita tana saƙa ba ta duban hannunta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Takan ce, “Ga ta nan ta taso, ku ba ta hanya.” Mu ce, “Ta iso, mun share mata wuri.” In ta gama kuma ta ce, “Na naɗe tabarmata, wanda ya ji ya shimfiɗa tasa.” Sai ka ji wannan kafin ka tashi, in ba haka ba ka sha zungurin kara.

A daren nan ta ɗauko wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Ta ce an yi wata yarinya a bakin wani gulbi, ta haifi ɗa namiji, kyakkyawa, mai yatsa shida a hannun hagu. Ranar da ta fara fita ɗebo ruwa sai gulbin ya yi magana daga ƙarƙashin rairayi, ya ce mata, duk sunan da ya ji a bakinta, ranar da ya farka zai tafi da mai sunan. Yarinya ta tsorata ta kulle bakinta. Ba ta kira ɗanta ba, ba ta yi masa waƙa ba, ko goya shi sai in ba kowa. Da aka ɗaure ƙaramin yatsan nan da zare ya faɗi, ta ɗauke shi a ɓoye, ta je cikin kaba ta binne a gindin wani toho, ta yago majanyinta ta ɗaura. Da aka yaye yaron aka ɗora shi a jaki aka tafi da shi, yana kuka yana miƙo hannu, ita ko tana daka, ba ta ɗaga kai ba, har ta farfasa geron ya koma gari ba ta sani ba. Daga ranar, duk abin da take so ta gaya wa ɗanta sai ta je ta gaya wa tohon nan. Ta tambaye shi ko ya ci, ko zazzaɓi ya sake shi, ko ana dukansa. Toho ya sha magana ya yi ta tsawo har ya wuce kowane itace. Da aka yi wa yaron kaciya itacen ya yi reshe biyu, da aka yi masa aure kowane reshe ya rabu. Ana nan sai ɗan ya dawo, ƙato, ga gemu, ga gatari a kafaɗa, yana neman itacen gini. Ya duba ya duba, ya ce duk itatuwan nan suna da masu su, ban da wannan. Ya zo gindinsa ya ɗaga gatari.

Nan ta tsaya.

“Sai mi, Kaka?” muka ce.

“Ban sani ba.”

“Yo ke kika kawo ta!”

“Ni na kawo ta har nan. Sauran, mai gatari ya sani. Ku tashi ku kwanta.”

“Ba ki naɗe tabarma ba,” na ce.

“Ba ta naɗuwa yau.”

Na kwanta da haushi. Ni da ba na son jira ko na dahuwar dankali, a bar ni da gatari a sama!

Washegari muka dawo da murna za mu ji ƙarshe, sai ta sake ɗaukowa daga farko. Jibi ma haka. Kullum ta kawo mu gindin itace, a ɗaga gatari, ta kore mu. 'Ya'yan maƙwabta suka fara guduwa gidan wata tsohuwa mai tatsuniyar kura da akuya. Ni na kasa guduwa, na kuma kasa zama. Ina tashi ina zama, ina tona wuta, ina jifan kaji a kan danga. Abin mamaki, Kaka ba ta zungure ni ba ko sau ɗaya, don ita ma ta koma irina. Matar da takan zauna kamar an dasa ta, sai ga ta tana gyara zama, tana ajiye saƙa tana ɗauka, tana ƙara ƙodago a wutar da ba ta nemi ƙari ba. Kuma ta juya mana gefe, fuskarta tana wajen zanar da ta raba mu da zaure, inda hasken fitila ke ratsowa. Muryarta kullum ƙara ɗagawa take, musamman in ta zo kan yatsa na shida da kan jaki. Mu muna dariya a ɓoye, muna cewa Kaka ta fara kurumta.

Ba mu take wa tatsuniyar ba. Tun da Baba ya dawo gidan, a zaure yake zama bayan isha'i da fitilarsa, kuma duk abin da aka faɗa a ƙofar ɗakinta yana ji. Wannan ta sani, a kan wannan ta dogara. Abin da ba ta sani ba shi ne, tun da aka buɗe cinikin gujiya Baba bai ƙara zama a zaure da dare ba. Daga masallaci baskil yake komawa, inda ake lodin kamiyo. Inna ce ke kunna fitilar ta ajiye don ya samu haske in ya dawo. Kowa a gidan ya san haka ban da Kaka. Ita ba ta bi ta zaure, ba ta leƙawa, kuma ba ta yadda za a yi ta buɗe baki ta ce, “Wancan yana nan?” Mu kuma ba wanda ya ga dalilin gaya mata abin da ba ta tambaya ba.

Daren da gobe gayya, mata na ta dakan furar ma'aikata, Kaka ta ɗaga murya har wuyanta yana rawa. Ta zo kan jaki sai tari ya sarƙe ta. Na miƙa mata ruwa na ce, “Kaka, don mi kike ta ihu haka? Mu muna ji. Kuma babu kowa a zaure.”

Ta tsaya da ƙwaryar a hannu. “Mi kika ce?”

“Babu kowa. Baba shina baskil. Kullum can yake.”

“Kullum?”

“Tun da anka hwara awo.”

Ta daɗe tana kallon hasken nan da ke ratso zana. Sannan ta ajiye ƙwaryar a hankali, ruwan bai ko taɓa bakinta ba, ta ce mu tafi. A daren nan ko gatarin ba a ɗaga ba. Na ji tausayinta ya kama ni har cikin ciki, alhali ban san dalili ba.

Da gari ya waye makaɗin gayya ya fara buga ganga tun daga gindin gawo. Maza suka fito da gatura da hauyoyi, samari na ihu suna tsalle, mu yara muna biye. Baba na gaba, gatarinsa sabo. Da muka gangara gulbi muka doshi babbar goruba sai kiɗa ya fara sanyi, ya tsaya. Kaka na zaune a gindinta. Ta jingina baya da itacen, ta miƙe ƙafa, ga damin kaba a gefenta, tana saƙa, fuskarta tana kallon rairayi, ta ba mu ƙeya.

Baba ya ja ya tsaya daga nesa. Kunyar da ta ɗaure bakin uwarsa yau ta ɗaure ƙafarsa. Ba zai iya matsawa inda take ba, ba zai iya ce mata ta tashi ba, kuma a cikin mazan nan kaf ba wanda zai ɗaga tsohuwar wani. Ya waiwaya ya gan ni.

“Rabi, tahi ki ce wa Tsohuwa rana za ta yi zahi, ta koma gida.”

Na kwasa da gudu. Kaka ba ta ɗago ba. “Ce wa wancan inuwa ta ishe ni.”

Na dawo na faɗa. Wasu suka yi murmushi. Baba ya ce, “Ce mata itace za a kayar, kar shi taɓa ta.”

Na koma, ta ce, “Ce mishi na ji.”

Na dawo ina haki. Rairayin gulbi ba ya son mai gudu, amma ranar ce kaɗai a rayuwata ba wanda ya ce mini in zauna. Fuskar Baba ta canja. Ga mutane ya tara, ga fura an dama, ga rana tana hawa, ga abokansa na baskil suna kallo. Ya sassauta murya ya ce, “Tambaye ta mi take so. In kaba ce, a bar mata gehe guda, ta yi ta saƙarta. Ta hwaɗi abin da take so.”

Na kai saƙo. Wannan karon hannunta ya tsaya. Na ga bakinta yana motsi, ta buɗe ta rufe, ta sake buɗewa. Na rantse ta kusa faɗa. Amma abin da ta riƙe tun tana yarinya ba zai fita a gaban mazan unguwa ba. Sai ta kamo hannuna.

“Ƙadangaruwa, kin riƙe tatsuniyar nan?”

“Na riƙe. Amma ba ta da ƙarshe.”

“Tahi ki ba shi. Kar ki rage komi.”

“Da rana, Kaka? An ce mai tatsuniya da rana ɓata yake!”

“Ba ki ɓata. Ga goruba kina gani.”

Haka na tsaya a gaban ubana da gayya guda, ƙafa ɗaya kan ɗaya, na ce, “Ga ta nan ta taso, ku ba ta hanya.” Wurin ya fashe da dariya. Makaɗi ya buga ganga sau ɗaya ya ce, “Ta iso, 'yar Isuhu!” Na zuba ta da sauri kamar ana kora ta. Na faɗi yarinya, na faɗi gulbi mai magana, ana ta dariya. Da na zo kan yatsa na shida da aka binne a gindin toho sai na ga Baba ya dubi hannunsa na hagu, ya sa babban yatsa ya shafa wani ɗan tabo a gefen ƙaramin. Ban taɓa lura da tabon ba, don yaro ba ya kallon hannun ubansa sai in zai ba shi abu ko zai mare shi. Da na zo kan jaki, dariya ta riga ta mutu. Wani dattijo daga cikin masu tufkar igiya ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa. Na kai ƙato gindin itace, na ɗaga masa gatari, na yi shiru.

“Sai mi?” in ji Baba. Muryarsa ba irin wadda na sani ba ce.

“Nan take tsayawa. Ta ce sauran, mai gatari ya sani.”

Ya ɗaga kai ya bi gorubar da kallo tun daga gindi, inda uwarsa ta ba shi baya, har can sama inda ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Sannan ya miƙa wa wani saurayi gatarin ya ce a fara tugar kaba daga can ƙarshe.

“Wagga hwa?” in ji saurayin.

“A bar ta.”

“To azara?”

“Akwai azara Tasawa.”

Mutane suka watse cikin kaba, kiɗa ya tashi. Baba bai je wurinta ba. Ya ɗan matsa kaɗan, ya cire takalmi, ya tsuguna a rairayi yadda yake tsugunawa a bayan ɗakinta da safe. Ya kira ni. “Ce wa Tsohuwa,” ya ce, sai ya kasa. Ya goge fuska da hannun riga. “Ce mata an ji.”

Na kai mata. Ba ta waiwaya ba. Amma na ga tabarmar da take saƙawa tun asuba ta karkace, zare ya hau zare ba tsari, abin da ko mai koyo ba za ta yi ba. Ta dube ta, ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta. Ta ce, “Na naɗe tabarmata.” Ba ta ƙarasa sauran ba, ta ce in ɗaukar mata damin kaba mu tafi gida ta ƙofar baya.

Kabar dai an tuge ta. Gujiya ta yi kyau 'yan shekaru, sannan ruwa ya ja baya, ƙasa ta gaji, kamiyo suka daina zuwa, magazar Baba ta koma ɗakin ajiyar kara. Daga baya aka yanka gonar filaye, ma'aikata suka gina gidajen siminti. An cike ramin tubali, gawon ya faɗi, masu saƙar da suka rage sai sun hau amalanke sun yi nisa kafin su samu kaba. Kaka ta rasu ba ta taɓa faɗin sunansa ba, shi kuma har ranar ƙarshe bango yake gaisarwa.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, na yi aure, na zauna Tasawa, na zauna Maradi. Na daɗe ina jin haushin al'adar nan, har yanzu ma ban gama hucewa ba. Mace ta haifi ɗa da cikinta, ta rayu kusa da shi, ta kasa ce masa ko sannu, har sai ta aiki 'yar ƙadangaruwa da tatsuniya da rana tsaka! Da na haifi ɗan farina na kira sunansa tun ranar suna, da ƙarfi, surukata tana toshe kunne. Har gobe ina kiransa a waya in ce masa duk abin da na ga dama. Amma wani lokaci in na ajiye wayar nakan tambayi kaina, a cikin maganganun nan da nake zubawa, wacce ce za ta tsaya a bayana har baƙo ya hango ta daga nesa. Ni ban ɗaura wa kowane toho tsumma ba. Ban zauna wuri ɗaya ba balle in ga ya girma.

Gorubar tana nan, yanzu a kusurwar titi take, 'yan kabu-kabu suna jiran fasinja a inuwarta. Da Baba ya tsufa ya daina fita kasuwa, nan ya mayar wurin zamansa. Kowace safiya a shimfiɗa masa tabarma, ya jingina bayansa daidai inda ta jingina nata. Da yake kullum a nan ake ganinsa, sababbin mutanen unguwa suka fara kiranta gorubar Alhaji Isuhu. Wata rana na zo ganinsa, yaron da ya ɗauko ni daga tasha ya tsaya a gabansa yana gaya wa abokinsa a waya cewa ga shi nan a gorubar Alhaji Isuhu. Baba, da ƙyar yake ɗaga hannu a lokacin, sai ga shi ya ɗaga sanda.

“Kai, yaro! Wa ya ce maka sunanta ke nan?”

“Haka kowa ke cewa, Alhaji.”

“To ka gaya wa kowa su bari. Ba ta da suna.”

Yaron ya ba da haƙuri ya ja babur ɗinsa. Na zauna kusa da Baba na ce, “To mene ne, Baba? Ai taka ce. Gaskiya suka faɗa.”

Ya shafa tabon hannunsa, ya mayar da kansa jikin itacen ya lumshe ido.

“Isuhu kowa na kirana da shi,” ya ce. “Wanga rashin sunan ne uwata ta kira ni da shi.”